Godiya ga mutanen Zangon Kumasi, da waɗanda suka binne mini mahaifi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdulillahi, na dawo gida. Na cika kwana bakwai na killace kai da hukuma ta ce duk wanda ya shigo daga waje ya yi saboda korona, gwaji na biyu ya fito lafiya lau, jiya da hantsi kuma ƙanina ya kai ni maƙabartar Dandolo ya nuna mini kabarin Baba. Sai da na tsaya a kansa na yi masa addu'a sannan na ji zan iya zama in rubuta wannan. Bashin godiya ya taru a wuyana wata shida, ina so in rage shi tun ina da rai.

Na bar Kano ranar 10 ga Maris 2020 da ƙaramar jaka da kaya kala uku, da niyyar yin mako biyu a Gana. Ni ɗan Kantin Kwari ne, shadda da yadi nake sayarwa. Akwai wani dattijo a Kumasi da ya shekara shida yana karɓar kaya a wurina, amma tun da aka rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a watan Agustan 2019 kasuwarsa ta tsaya, kuɗina masu yawa suka maƙale a hannunsa. Bin bashi ne ya kai ni. Har maganganu marasa daɗi na aika masa ta waya kafin in taso. Na faɗi wannan ne don a san da wace fuska na shiga garin.

Kwana biyu da saukata aka ce an samu mutum biyu na farko masu korona a Gana. Ban ɗauke ta da zafi ba, ina ta lissafina. Kafin in farga an hana taruwa a masallatai da coci-coci, ranar Lahadi 22 ga Maris aka rufe iyakokin ƙasar, sama da ƙasa da ruwa, washegari kuma Najeriya ta rufe filayen jiragen Legas da Abuja. Tikitina ya zama takarda kawai. Da aka sanar cewa za a kulle Kumasi da Akra daga Litinin 30 ga wata, masu ƙaramin otal ɗin da na sauka kusa da kasuwar Kejetia suka ce su ma za su sallami ma'aikata su rufe. Ban ga laifinsu ba. Amma daren nan ban runtsa ba, ga guzuri ya kusa ƙarewa, ga shi ban san kowa a garin ba sai mutumin da na zo tsarewa.

Da safe sai ga shi da kansa a cikin adaidaita sahu, wadda can suke ce wa pragya. Ya ce, "Ɗana, haɗa kayanka." Na fara kame-kame. Ya ce, "Maganar kuɗinka tana nan, ban ci maka ba, kuma ba don ita na zo ba. Ana annoba baƙo ya rasa wurin kwana, ni kuma ina da ɗaki a Aboabo? Me zan ce wa Allah?"

Baba Alhaji, ka hana ni ambatar sunanka, na kuma yi maka alkawari. Amma ba ka hana ni faɗar abin da ka yi ba. Ka fitar da ɗanka daga ɗakinsa ya koma kwana a falo. Wata biyar da kwanaki ina cin tuwon gidanka, ba ka taɓa bari an zuba mini ni kaɗai ba, kwano ɗaya muke sa hannu. Ranar da na ce a riƙa cire kuɗin abincina daga cikin bashin, fushin da ka yi ban taɓa ganin irinsa a fuskarka ba, sai da na ba ka haƙuri. Allah ya saka maka da gidan Aljanna, ya jiƙan mahaifanka, ya buɗa maka kasuwarka.

Na yi yawon duniya gwargwado. Fasfo uku na cika. Na san lungunan Deira a Dubai kamar yadda na san layukan Kwari, na je Gwanzu a Chaina ya fi sau goma, na je Santambul, na je Alƙahira, Jidda kuwa ba a magana. Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, ni ma ina faɗa, amma a ɗakin nan na Aboabo na zauna na yi wa kaina hisabi: a duk garuruwan nan, gidan mutum nawa na taɓa shiga na ci abinci da iyalinsa? Ko ɗaya. Daga filin jirgi sai otal, daga otal sai shago, daga shago sai wurin masu kago. Na san farashin yadi a ƙasa biyar, ban san sunan ɗan kowa ba. A cikin watan Afrilun nan abokan fataucinmu da kullen ya rutsa da su a Gwanzu suka riƙa turo mini hotuna, an kore su daga gidajen haya da otal-otal saboda baƙar fata ce, suna kwana a bakin titi da akwatunansu. Wasu cikinsu sun shekara goma suna zuba kuɗi a garin. Ina kallon hotunan, ana ƙwanƙwasa mini ƙofa an kawo kokon safe da ƙosai. Wallahi sai da na yi hawaye.

Hajiya, uwar gida, ke ce mai kokon. Na gode. Na ga yadda kika riƙa ƙara ruwa a tukunya a makonni ukun kulle, lokacin da 'yan matan nan masu dakon kaya a ka, kayayo, suka rasa aiki da aka taƙaita kasuwa, suna zuwa ƙofar gida da robobinsu. Ba ki taɓa tambayar wata garinsu ko addininta ba. Ke kika koya mini cewa wake da shinkafarmu ce ta zama waakye a bakin mutanen Gana, da karan dawa ake ba ta wannan jan launi, kuma tuwon zafi har a allon gidajen abinci sunansa bai canza ba. Yaran gida sun yi ta dariyar Hausata, wai ta yi nauyi kamar ta rediyo, ni kuma ina mamakin tasu da take tafe da Turanci da Tuwi, yaren Asantawa, a jumla ɗaya. Allah ya raya su.

An ɗage kullen Kumasi ranar 20 ga Afrilu. A lokacin Kano tana kulle tun 16 ga wata, kuma kullum wayata ba ta kawo komai sai sanarwar rasuwa: wane ya rasu, liman kaza ya rasu, farfesa kaza ya rasu. Ranar Laraba 22 ga Afrilu, saura kwana biyu a ɗauki azumi, ƙanina ya kira ni bayan Asuba. Baba ya yi kwana huɗu yana zazzaɓi da numfashi sama-sama, sun zaga da shi ba su samu inda za a karɓe shi ba, ya cika a ɗakinsa. Ba a yi masa gwaji ba. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano, kuma mai yiwuwa rabi zuwa kashi 60 cikin ɗari korona ce sanadi. Ko Baba yana cikin lissafin ko ba ya ciki, kwanansa ne ya ƙare. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ne babban ɗansa. Ni ya kamata in shiga wankansa, in kama makara, in sauka cikin kabari in karɓe shi. Ina Kumasi, riƙe da waya.

A nan godiyata ta fi nauyi, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya. A kwanakin nan mutane tsoron gawa suke, kuma ba za a zarge su ba. Duk da haka maƙwabcinmu na jikin katanga, wanda shi ma ya haura sittin, ya ɗaure hanci da rawani ya sa safar hannu ya wanke Baba tare da ƙanina. Malam, Allah ya suturta ka duniya da lahira. Limamin unguwa ya fito ya sallace shi da sahu biyu a ƙofar gida. Samarin layinmu, waɗanda Baba ya sha yi wa faɗa a kan ƙwallo a bakin masallaci, su suka ɗauke shi. Ɗaya daga cikinsu ya kira ni ta bidiyo ya ɗaga wayar sama har aka yi kabbara huɗu, ya bi su da ita har maƙabarta, bai kashe ba sai da aka gama zuba ƙasa. Yaro, ban san me zan ba ka ba. Masu haƙar kabari na Dandolo, da aka ce mini ranar tun safe ba su ajiye diga ba, jiya na je na same su na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Dattawa ne da ba albashin kirki suke samu ba, kuma su suka tsaya lokacin da kowa ya ja baya.

A Aboabo kuwa, mutanen da ba su taɓa ganin Baba ba sun zauna mini makoki. Dokar hana taro tana nan, saboda haka Baba Alhaji ya shimfiɗa tabarmi a tsakar gida da tazara, ya ajiye bokitin nan mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, mutane suna shigowa biyar-biyar, su yi Ƙulhuwallahu su fita wasu su shigo. Ranar uku Hajiya da maƙwabtanta suka soya masa aka raba sadaka. Ranar arba'in ma ba su manta ba, ni da kaina sai da aka tuna mini.

Akwai wata maƙwabciya, Ba'asantiya ce Kirista, ma'aikaciyar jinya. Da ta ji labari sai ta ɗauro baƙin zane irin na makokinsu, ta zo ta zauna nesa kaɗan, ba ta jin Hausa ni ba na jin Tuwi, ta yi kusan awa guda ba ta ce komai ba sannan ta tashi. Ita ce kuma a tsakiyar azumi, da zazzaɓi ya kwantar da ni gidan ya tsorata, ta shigo da takunkuminta ta tsaga mini yatsa ta gwada, ta ce maleriya ce, ta kawo magani, ta ƙi karɓar ko sidi ɗaya. Kalma ɗaya na iya a yarenku, Mama: medaase, wato na gode.

Limamin masallacin layin, Malam, na gode da zaman bayan La'asar. Kai ka hana ni bin masu cewa in ba su kuɗi su tsallakar da ni ta daji a Aflao, bakin iyakar Gana da Togo, in ratsa Togo da Binin a ɓoye. Zuciyata ta so, don ji nake in ban ga kabarin nan ba zan haukace. Ka ce mini wanda ya mutu ya riga ya isa, mai rai ne ake tsoron ya ɓata a hanya. Kai ka ba ni tarihin da ban sani ba, ni da nake taƙamar ni Bakano ne: yadda ayarin fatake suke tasowa daga Kano da jakuna su yi watanni kafin su isa Salaga ta arewacin Gana sayen goro, yadda kowane baƙo yake da maigidan da zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, da yadda Alhasan Ɗantata ma da fataucin goron Gana ya tashi. Ka ba ni labarin Malam Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, yaƙin 1892 ya tashe su ya ƙare a Kete-Krachi, har ya yi waƙa a kan annobar murar 1918 da ya gani da idonsa. Sai na gane ɗakin da aka ba ni tsohon ɗaki ne, kakanninmu sun kwana a cikinsa.

Mun yi ƙaramar Sallah a tsakar gida, Baba Alhaji ya ja mu. Ranar Juma'a 5 ga Yuni aka buɗe masallatai, mutum ɗari kacal, a rubuta suna da lambar waya a ƙofa, kowa da dardumarsa. Masallacin ya cika kafin in iso, wani saurayi da ban sani ba ya fito ya ce baƙo ya shiga a madadinsa. Ban sake ganinsa ba. In wannan ya kai gare ka, na gode.

Maiɗakina, uwar 'ya'yana, kin riƙe gida wata shida da kulle da azumi da makoki, kin kula da Inna a cikin takabarta, ba ki taɓa kira na da kuka ba sai bayan abu ya wuce nake ji. Allah ya biya ki. Yaron shagona da ya tsare amana, mai kantin unguwa da ya yi ta ba gidana kaya ba tare da ya buɗe littafi a gabansu ba, 'yan'uwa 'yan kasuwa da suka haɗa kuɗin gwaji da na sabon tikiti da aka buɗe filin jirgin Kotoka na Akra ranar 1 ga Satumba, namu kuma ranar 5, duk ina sane, kuma zan bi ku gida-gida.

Wanda na ɓata wa a cikin wannan lokaci, musamman waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yafe mini. Wanda kuma yake bin Baba bashi, ko Baba yake bin sa, ya same ni a gida bayan Magariba ko a shago.

Baba Alhaji, a tashar mota ka cusa mini ambulan a aljihu ka ce kashi ɗaya cikin uku ne, saura sai kasuwa ta buɗe. Na karɓa don kada ka yi fushi irin na rannan. Sauran kuwa mu bar shi sai ka zo Kano da ƙafarka, a ɗakin Baba za ka sauka, Inna ta riga ta sa an share shi. Goron da ka ba ni na raba wa masu haƙar kabari da waɗanda suka ɗauki makara, na gaya musu daga inda ya fito. A gaya wa Hajiya kwalbar shiton, soyayyen yajin nan na Gana, ta iso ba ta fashe ba, yara sun kusa cinye ta.