Daga Akra zuwa Kumasi kai kaɗai, karon farko

Hanyar Akra zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ce, kuma ba ita ce ke wahalar da sabon matafiyi ba. Da zarar ka zauna a kujera, sauran aikin na direba ne. Inda ake shan wuya wuri biyu ne: tashar da za ka hau, da wurin da za ka sauka. Wanda ya saba bin babban yaya ko kawu bai taɓa lura da su ba, domin wani ne ke yi masa magana da ciniki.

Fara da lokaci. A Gana rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, tafiyar kuma awa biyar ce ko shida, wani lokaci fiye, idan cunkoson Ofankor zuwa Nsawam ya riƙe ku. Saboda haka ka bar unguwar Nima ko Mamobi a Akra bayan sallar asuba. Manyan motocin kamfanin VIP da ke Circle, babbar mahaɗar hanyoyi a Akra, ba su da ƙayyadadden lokacin tashi, sai sun cika. Da sassafe nan da nan suke cika, da rana kuwa kana iya share awa guda a zaune. STC, kamfanin sufuri na gwamnati, na bin agogo, amma sai ka yanki tikiti da wuri.

A bakin Circle za ka haɗu da masu tare fasinja. Wani zai kama hannun jakarka yana kiran Kumasi, Kumasi, ya ja ka zuwa ƙaramar motar da ke tsayawa a kowane gari. Kada ka saki jakar, kada ka tsaya bayani. Wuce kai tsaye wurin sayar da tikiti. Wayarka ta zauna a aljihun gaba har ka shiga mota, don wurin ba a yin sakaci da waya.

Kuɗin kaya daban yake da na tikiti. Ka ji farashi kafin a ɗaga jakar, in ta riga ta shiga but, bakinka ya mutu. Ka tsaya ka ga inda aka ajiye ta. Ghana Card (katin shaidar ɗan ƙasa), caja, magani da kuɗi su kasance a ƙaramar jaka bisa cinyarka. Kuɗin ma ka raba su: kaɗan a hannu, canji ƙanana na bayan gida da ruwa, sauran a momo, wato asusun kuɗi na waya. In wani ya kira ka a hanya ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure, kashe wayar. Lambar sirrin momonka ba ta kowa ba ce.

Ka ɗauki rigar sanyi. Mutane na raina wannan, sai an wuce Suhum ka ga babban mutum ya naɗe hannuwa cikin riga saboda sanyin na'ura.

Yawanci ana tsayawa hutu sau ɗaya, sau da yawa a wajen Bunso, na ɗan lokaci kaɗan. Nan ne sababbi ke ruɗewa, domin motoci kala ɗaya sukan jeru biyar ko shida. Kafin ka taka ƙasa, ɗauki hoton lambar motarka, ka kuma gaya wa na kusa da kai cewa ka fita. Bayan gida tukuna, sannan alwala, abinci daga ƙarshe. Nisan ya kai na kasaru, kuma matafiyi na da sauƙin haɗa azahar da la'asar, don haka ba sai ka tayar da hankalin direba ba.

Bayan Nkawkaw da Konongo, da ka ga Ejisu, kira mai masaukinka. Wasu za su ce ka sauka a Anloga Junction tunda ya fi kusa da Aboabo da Asawase. Gaskiya ne, amma wannan shawarar ta 'yan gari ce. Kai da kayanka ke but, ga shi ba ka san gari ba, bi motar har tashar Asafo. A can ka daidaita kuɗin tasi da direba kafin ka shiga, ka ba direba wayar ya ji kwatance daga bakin mai masaukin, don a Kumasi Twi ne ke tafiyar da titi, kuma ana kwatance da masallaci ko gidan mai, ba da sunan layi ba.

In waya ta mutu ko ba a ɗauka, kada ka yi ta yawo da jaka. Ka ce a kai ka babban masallacin Kumasi da ke Asawase. Ka yi sallama, ka ce, "Baba, ni baƙo ne daga Nima, gidan wane nake nema." Zango ba ya rasa wanda ya san wani, kuma karɓar baƙo tsohuwar al'adarsa ce tun zamanin fataken goro.

Ribar tana zuwa ne a dawowa. Ka san kuɗin mota, ka san na kaya, ba wanda zai ja maka jaka. A gida ma za a fara ba ka saƙon kasuwar Kejetia ta Kumasi, da kuɗin mutane a hannunka, kuma wannan tafiyar tana da nata shirin daban.