Kwanakin Janairun 2005 da na so in goge

A shekarar ƙarshe ta karatuna na ilimin ƙasa, Malam ya ba ni kundin ƙananan girgizar ƙasa da suka biyo bayan babbar girgizar Sumatra, wadda ta afku ranar 26 ga Disamba 2004. Ƙarfinta 9.1, ta tsaga ƙasan teku kusan kilomita 1,300 daga arewacin Sumatra har tsibiran Andaman, a inda faifan Indiya, wato ɗaya daga cikin manyan sassan ɓawon duniya, ke nutsewa ƙarƙashin na Burma. Ambaliyar da ta taso ta ci rayuka sama da 220,000.

Aikina shi ne in ƙirga girgizar kowace rana in gwada da ƙa'idar Omori. Fusakichi Omori ɗan Japan ne. A 1894, bayan ya yi nazarin girgizar Nobi ta 1891, ya nuna cewa ƙananan girgizar da ke rakiyar babba suna yin yawa da farko, sai su riƙa ja da baya kullum. Makonni huɗu na farko haka lissafin ya tafi sumul. Ana shiga ƙarshen Janairu sai layin zanen lissafina ya miƙe tsaye kamar an kafa sanda: girgiza ɗaruruwa cikin 'yan kwanaki.

Na ɗauka maimaici ne aka yi wajen shigar da bayanai. Na ware waɗannan kwanaki gefe, na kai wa Malam zane mai kyau. Ya daɗe yana dubawa, ya ɗora biro a kan giɓin ya ce, "Ina 'yan nan suka tafi?" Na yi masa bayani. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in je in zuba su a taswira tukuna.

A nan idona ya buɗe. 'Yan rakiya sun bazu tsawon tsagar gaba ɗaya, su kuwa waɗannan sun dunƙule wuri guda a Tekun Andaman, gabas da tsibiran Nikobar, nesa da kwarin da faifan ke nutsewa. Kuma babu uwa a cikinsu. 'Yan rakiya suna bin babba ɗaya ne. Waɗannan duk sa'annin juna ne, da yawansu ƙarfin 5 da ɗoriya, babu wadda ta kai 6. Wannan shi ne cincirindon girgiza, abu ne daban da nasa dalili. Masu bincike sun danganta shi da motsin narkakken dutse da ruwan zafi a yankin duwatsu masu aman wuta na ƙarƙashin teku, bayan babbar girgizar ta sauya matsin da ke kansu.

Akwai abin da ya fi damuna. Da na bi layin zurfin girgizar a kundin, sai na ga lamba ɗaya tana ta maimaituwa. Ashe ba awo ba ne, lamba ce da ake sakawa idan na'urorin auna girgiza sun yi nisa da wurin. Na'urorin suna tudu, abin yana faruwa a ƙasan ruwa, alhali mutanen gaɓar teku ne ke kwana da fargaba. Shi ya sa bayan girgizar Tohoku ta 2011 Japan ta shimfiɗa S-net, tashoshi 150 a ƙasan teku haɗe da waya.

Na sake rubuta wannan babin na aikina daga farko. Kwanakin da na ware su suka cinye rabinsa, kuma duk zurfin da ba a auna ba na sa masa alama da jan biro.