Antibairos ya ce in hau sabon samfuri, na kwana biyu ina juya maganar

Ranar Litinin da safe na buɗe shago, ina kunna kwamfutar da muke karɓar filash a kanta sai ga wani jan akwati ya fito a ƙasan sikirin, wai lasisin antibairos, wato shirin da ke kare kwamfuta daga cututtuka, saura kwana 14 ya ƙare, kuma wai an fitar da sabon samfuri, in danna nan in hau kansa. Na rufe shi na ci gaba da aiki, da azahar ya sake leƙowa, da la'asar ma haka. Ni dai shagona ɗan ƙarami ne a nan Yelwa, ba nisa da jami'ar ATBU ta Bauchi, aikinmu firintin da fotokwafi da taifin da ɗaure furojet, kuma duk wanda ya san wannan sana'ar ya san kwamfutarmu kamar rijiyar unguwa take, kowa da gugansa. A wuni ɗaya filash ashirin zai iya shiga cikinta, wani daga hostel, wani daga kafe, wani ma mai shi aro ya yi bai san inda ya kwana ba. Don haka maganar antibairos a wurina maganar abinci ce.

Ƙanena da ke taya ni aiki shi ya fara magana, ya ce "Yaya, don Allah kar ka ɓata kuɗinka, akwai kirak, yanzu-yanzu zan sauke maka." Kirak shi ne kwafin sata da aka fasa don a yi amfani da shi ba biya. Na ce masa kai, ka taɓa lura da abin da kirak ɗin ke fara cewa kafin ya hau? Cewa yake a kashe antibairos tukuna. To wanda ya zo gadi ya ce sai ka fara buɗe masa ƙofar ɗaki ka kashe fitila, ai ka san ba gadi ya kawo shi ba. Ba a ba kura ajiyar nama. Wannan kam tun a nan na rufe shi, ko na biya ko ban biya ba kirak ba zai hau kwamfutar da furojet ɗin 'ya'yan mutane ke bi ta kanta ba.

Abin da ya ɗau min lokaci shi ne ɗaya ɓangaren, kuma sai da wani abokina mai gyaran kwamfuta a wajen Wunti ya zaunar da ni shekarun baya na gane cewa abu biyu ne muke cakuɗawa. Akwai jerin cututtukan da antibairos ya sani, wanda yake saukewa kusan kullum idan akwai data, shi ne kamar hotunan ɓarayin da ake ba mai gadi ya riƙe. Sai kuma shi kansa shirin, wanda kamfani ke fitar da sabonsa lokaci-lokaci da sabuwar fuska da ƙarin kaya. Na farkon in ka bar shi ya tsufa to ka tashi daga aiki, don mai gadinka zai tsaya yana neman fuskokin ɓarayin bara alhali na bana suna wucewa ta gabansa suna masa sallama. Na biyun kuwa shi ne ake tunani a kai, ba dole ba ne a kowane lokaci. Amma fa kamfanonin ba sa bambanta maka, akwati ɗaya suke nunawa da jan launi, ka ji gabanka ya faɗi ka danna.

Na san zafin na farkon da idona. Akwai wata ɗaliba da ta zo lokacin kare furojet, gobe za ta shiga difens, ta miƙo filash muka sa, duk foldojinta sun koma shotkot, ka danna ba abin da ke buɗewa. Wallahi yarinyar nan a tsaye ta fara kuka, aikin wata shida ne, kuma ba ta da kwafi ko'ina. Na ce mata "Ƙanwata, kwantar da hankalinki, zauna tukuna." Allah ya taimaka irin wannan cutar ba ta goge komai, ɓoyewa take yi, sai na buɗe baƙin allon nan na cmd da ake rubuta wa kwamfuta umarni na buga attrib -h -r -s /s /d a kan filash ɗin, foldojin suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne antibairos ɗina bai ce uffan ba lokacin da filash ɗin ya shiga, da na duba sai na ga ya kusa wata biyu bai sabunta jerinsa ba saboda na kashe masa intanet ina tattalin data. Duk wanda ya sa filash bayanta a ranar da sai ya tafi da cutar gida. Tun daga nan na sa wani ƙaramin antibairos mai suna Smadav a gefe don harkar filash, shi ɗan Indonesiya ne kuma ba shi da nauyi, amma ko masu shi sun ce mataimaki ne, ba a dogara da shi shi kaɗai.

To me ya hana ni danna sabon samfurin kawai in huta? Nauyi. Kwamfutar nan RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, 4GB ne, tsohuwar HP ce da na saya ta hannu, kuma na taɓa hawa sabon samfurin wani antibairos a kanta, ba zan kira suna ba, sai da Word ya koma yana ɗaukar kusan minti biyu kafin ya buɗe, ga layi a bakin ƙofa, ga janareta na shan fetur, ga ɗalibi na cewa "Oga lakca zan shiga fa." Da na bincika abin da aka ƙara a ciki sai na ga VPN ne, wato abin ɓoye sawunka a intanet, da abin share shara da abin adana fasuwod da wasu tarkace da ni ban nema ba, kowanne kuma yana cin ƙarfin na'ura. Sannan sabon abu ko na babban kamfani ne yakan zo da matsalarsa. A ranar 19 ga Yulin 2024 afdet ɗaya na CrowdStrike, wanda shi ma kamfanin tsaron kwamfuta ne, ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. In haka ta faru da su, ni da ke da na'ura uku ba zan danna sabon abu ana tsakiyar kakar furojet ba.

Sai dai a gaskiya da na zauna na duba sosai, sai na ga damuwata ta fi yawa a kan Windows ɗin kansa. Microsoft ta daina tura gyaran tsaro ga Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa ya cika 14 ga Oktoban 2025, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Ina da na'ura ɗaya da har yau 7 ce a kanta saboda tsohuwar sikana ta ƙi aiki da wani. In katangar gida ta rushe, canza wa mai gadi sabuwar riga ba zai hana a shigo ba. Ku tuna cutar kwamfutar nan WannaCry a watan Mayun 2017, wadda ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe sama da 150 har da asibitocin Ingila tana neman kuɗin fansa, alhali Microsoft ta riga ta fitar da maganin ramin da ta bi tun watan Maris, mutane ne ba su sauke ba. Kuma Windows 11 ɗin da za a ce a koma yana son wani ɓangaren tsaro a jikin na'ura da ake kira TPM 2.0, wanda yawancin tsofaffin na'urorin da muke saye a nan ba su da shi, wannan ma wani ciwon kan ne na daban.

Tambayar da na koma yi wa kaina ita ce, samfurin da nake kai yanzu har yanzu kamfanin na tura masa jerin cututtuka ko ya yaye shi? Na shiga shafinsu na duba, yana nan cikin waɗanda ake kula da su. To kun ga babu gaggawa ke nan, lasisi kawai zan sabunta, shi ma a kan kwamfutar filash ita kaɗai, don kuɗin da dala ake lissafa shi kuma kowa ya san yadda naira take. Laftof ɗina mai Windows 11 kuwa na cire mata komai na bar ta da antibairos ɗin Microsoft Defender, wanda da ma a ciki yake zuwa kyauta tun daga Windows 8, yana sabunta kansa, kuma ba filash ɗin kowa ke shiga cikinta ba. Mai Windows 7 na zare mata wayar intanet gaba ɗaya, sikanin kawai za ta riƙa yi, na kuma gaya wa ƙanena ko filash ɗin limamin unguwa ne kar ya shiga wannan na'urar.

Sabon samfurin zan gwada shi, amma sai ɗalibai sun tafi hutu shago ya yi sauƙi. Ranar zan kwashe duk fayiloli in zuba a wata ma'ajiya ta waje, in hau shi, in kashe duk tarkacen da ban nema ba, in ba shi sati ɗaya in ga yadda Word da CorelDraw za su buɗe. In ya yi nauyi in koma na da muddin suna tura masa afdet. Abokin nan nawa na Wunti ya ce in zo da kwamfutar filash ɗin ranar Asabar ya duba ko za ta ɗau ƙarin RAM zuwa 8GB, ya ce in har ta ɗauka a haɗa mata da SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, lokaci ɗaya.