Foti Biyu a Dam ɗin Tiga: Inda Gudun Tsohon Jirginmu Ya Tsaya

'Yan uwa masu koyon gyaran injin jirgin ruwa, barkanmu da war haka. Ga inda aka kwana game da tsohon jirgin faiba mai inji biyu da muke fama da shi a bakin Tiga tun ƙarshen damina. Wanda ya sayar da shi ya rantse yana yin kilomita 70 a awa. Da muka fara auna shi, 34 ya yi. Yanzu bayan gyara yana yin 45, kuma a ganina ko kwana za mu yi muna taɓa shi, da ƙyar ya wuce 47.

Jirgin ƙafa 23 ne, irin dogayen nan da ake zirga-zirga da su a rafukan Neja-Delta, a bayan tirela aka kawo shi Arewa. Injinan Yamaha Enduro ne masu ƙarfin doki 40, waɗanda ake kira foti, samfurin E40X: silinda biyu, cc 703, nauyin kowanne ya ɗan haura kilo 70, kuma ana haɗa musu fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Ni asalin sana'ata gyaran injin ban-ruwa ne da babur, wannan kuwa koyo nake a hannun wani dattijo da ya daɗe yana gyara wa masunta. Shi ne ya hana ni ɗaukar sifana a ranar farko, ya ce in fara karanta abin da aka buga a jikin farfela.

Abin da aka buga shi ne 11 1/8 x 13. Lamba ta farko faɗin farfela ce a inci. Ta biyu takunta ne, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya in da ruwa ba ya gocewa a gabanta. Kamfani ya ce injin nan, in an buɗe masa wuta duka, ya kamata ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti. Giyar da ke cikin ƙafarsa, wato ɓangaren injin da ke shiga ruwa, biyu-da-ɗaya ce: inji ya juya sau biyu, farfela ta juya sau ɗaya. To ku ɗauki biro. Ku raba juyin inji biyu, ku ninka da takun farfela, ku ninka da 1.524, ku raba da 1,000, abin da ya fito kilomita ne a awa. A juyi 5,500 da taku 13, amsar ita ce 54.5. Wannan kuwa kafin a cire zamewa ne, domin ruwa ba ƙasa ba ne, dole farfela ta yi asarar wani abu, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a jirgi mai lafiya da ya hau kan ruwa, wato gudu ya ɗago shi yana sulɓi a saman ruwa maimakon tura shi. Ke nan ko sabbin injina ne fil daga kwali, da wannan farfela 48 ko 49 ne iyakarsu. Kafin a ga 70 sai an ɗaura farfela mai taku 19 kuma injin ya iya juya ta har 5,500, abin da foti ba zai yi ba a ƙarƙashin jirgi mai wannan nauyi. Ban ce mai sayarwa ya shirya ƙarya ba. Wanda ke zaune dab da ruwa, iska na dukan fuskarsa, injina biyu na ihu a bayansa, 40 ma sai ya ji kamar 70.

Kayan awonmu ba su da yawa. Waya mai GPS, da 'yan ƙananan agogon juyi guda biyu, irin waɗanda ake naɗa wayarsu a jikin wayar fulogi. Ku kula da saitinsu: a irin wannan inji fulogi yana tartsatsi sau ɗaya a kowane juyi, in aka bar agogon a wani saiti daban zai ba ku ninki ko rabi. Muna kuma gudu zuwa da dawowa a layi ɗaya mu ɗauki tsaka-tsaki, saboda iskar hunturu a buɗaɗɗen ruwa kamar Tiga tana iya ƙara maka kilomita biyu ko uku a tafiya ta ƙwace su a dawowa.

Awon farko, mu uku a ciki da jarka biyu ta mai: injin dama 4,900, na hagu 4,300, gudu 34. Da na sa lambobin a lissafi, na dama ya kamata ya ba da 48.5, ke nan zamewarsa ta kai kashi 30. Na hagu ya kamata ya ba da 42.6, zamewa kashi 20. Daga nan muka san cuta biyu ce daban-daban. Na dama yana juyi amma farfelarsa ba ta kama ruwa. Na hagu farfelarsa na kamawa amma shi ba shi da ƙarfin juya ta. Inji biyu a jirgi ɗaya kamar shanun huɗa ne, in ɗaya ya yi sanyi ɗayan ne ke jan garma har da ɗan'uwansa, layin kuma ya karkace. Haka sitiyarin yake ta fizga gefe guda.

Na dama bai ba mu wahala ba. Yashi ya cinye bakin fuka-fukan farfelar har sun yi siriri, ɗaya ma ya ɗan lanƙwashe. Ban da haka, robar da ke tsakiyar farfela, wadda aka sa domin ta kare giya in an bugi dutse, ta fara sakewa. Gwajinta mai sauƙi ne: a ja layi da fenti daga cibiyar ƙarfe zuwa jikin farfela, a fita a buɗe wuta, a dawo a duba. In layin ya rabu biyu, roba na zamewa. Namu ya rabu da kusan faɗin yatsa. Sai muka canja farfelar gaba ɗaya.

Na hagu shi ne ya ci mana lokaci. Da farko mun tarar maƙogwaron kafireta ba ya buɗewa har ƙarshe ko an murɗa hannu duka, sandar da ke tura shi ta goge. Wannan abu ne da ya kamata kowa ya fara dubawa, inji a kashe, da ido kawai, domin ba ya cin ko sisi. Mun gyara, mun wanke kafireta, jet ɗin, 'yar ƙofar da mai ke bi, ya toshe da dattin man jarka, juyi ya hau 4,600 ya tsaya. Sai muka auna matsin iska a cikin silinda: silindar sama 115, ta ƙasa 90. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100, wannan kuwa ya ninka haka. Da aka buɗe, ringin ƙasa ya maƙale a raminsa da baƙin gawayi, alamar an daɗe ana haɗa masa man da ba na injin ruwa ba, ko kuma an daɗe ana danne shi da kaya a ƙaramin juyi. Allah ya taimaka bangon silinda bai karce sosai ba, ringi kawai muka sa. Da muka zare man giyar ƙafar kuma, ya fito fari-fari kamar an dama, wato ruwa ya shiga. Dalilin yana bayan farfela: zaren koma ya naɗe a sanda ya yanka sil, robar da ke hana ruwa shiga cikin giya. A ruwan da masunta ke shimfiɗa raga ko'ina, ku riƙa cire farfela kuna dubawa lokaci-lokaci. Sabon sil, sabon man giya lamba 90, aka rufe.

Bayan wannan duka gudu ya kai 40, injinan na yin wajen 4,900 kowanne. Saura jikin jirgin kansa. Dattijon ne ya lura cewa bayansa ya nutse fiye da kima ko ba kowa a ciki. Muka ja shi tudu muka huda daɓen, ruwa ya yi ta tsiyaya, abin da muka tara ya kai rabin duro, kilo 100 ke nan da jirgin ke yawo da shi kullum ba a sani ba. Muka bar shi a buɗe iskar hunturu ta busar da shi, muka kankare gansakukar da ta kama gindinsa, muka toshe tsagar da ruwan ke bi. Mun kuma ɗaga injinan sama kaɗan da katako, domin farantin da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da gindin jirgi a inda injin yake, namu kuwa sun nutse da kusan inci biyu, ƙafafu biyu na jan ruwa a banza. Kada dai a ɗaga fiye da kima, farfela za ta fara shaƙar iska a kwana, famfon sanyaya inji kuma ya rasa ruwa. Idonku na kan fitsarin inji, wato ɗan ruwan da yake tsartarwa alamar famfon na aiki, duk lokacin da kuka taɓa tsayinsa.

Yanzu injinan na yin 5,100 zuwa 5,200 tare, gudu 45, zamewa wajen kashi 12. A nan lissafi da ruwa suka yi daidai, kuma babu wani sauran abu mai yawa da ke ɓoye. Akwai ma abin da ba gyara ke maganinsa ba. Tiga tana sama da teku da kimanin mita 500, inji kuwa yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 saboda iska na raguwa. Foti da ya bar Warri ya iso nan ya riga ya zubar da doki biyu a hanya, in zafin Afrilu ya zo ya ƙara zubar da wani. Shi ya sa nake rubuta wata da lokacin da aka yi kowane awo.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, tunda inji biyu ne, ai gudun ninki biyu ne ko? A'a. Akwai tsohon lissafi na George Crouch, Ba'amurke mai zana jiragen tsere a shekarun 1920, wanda har yau ake amfani da shi. Abin da yake nunawa shi ne, a jirgin da ya hau kan ruwa, in ka ninka ƙarfi sau biyu gudun zai ƙaru da kashi 41 cikin 100 kacal, kuma sai in nauyi bai ƙaru ba. Inji na biyu kuwa ya zo da kilo 70 nasa, da mansa, da ƙafarsa da ke jan ruwa. Mun gwada: muka ɗage na hagu sama, na dama shi kaɗai da taku 13 ya yi ta nishi a 4,200, gudu 28. Da an sa masa taku 11 na tabbata zai haura 30. Ke nan abin da inji na biyu ya saya mana bai wuce kilomita 13 zuwa 15 ba, a kan man da ya ninka.

Maganar mai kuwa, tun da aka cire tallafi a 2023 ita ce gaba da komai. A cikakkiyar wuta kowane inji na shan kusan lita 20 a awa, biyun 40, wato lita ɗaya ba ta kai mu fiye da kilomita ɗaya da ɗan ɗoriya. Da muka sassauta zuwa juyi 4,000, gudu ya sauka 32 amma shan mai ya dawo wajen lita 22 a awa, kusan kilomita ɗaya da rabi a lita. Mafi munin wuri shi ne tsakanin kilomita 12 da 22, inda jirgi ya ɗaga hanci, baya ya nutse, yana tura tudun ruwa bai hau ba. Ko dai ka tafi a hankali ƙasa da 11, ko ka ba shi wuta ya hau ya kwanta sannan ka rage. Direbobi da yawa a nan suke zama, suna ganin lallaɓa inji suke yi.

Ra'ayina, masunci mai kai kifi gaɓa foti ɗaya mai lafiya da farfelar da ta dace ya ishe shi. Amfanin biyu yana wajen kaya da kuma tsaro. Tiga ba kududdufi ba ce, tun da aka gama ta a 1974 zamanin Audu Bako take da faɗin kusan murabba'in kilomita 178, kuma in iska ta taso da yamma inji ɗaya ya mutu maka a tsakiya, na biyun ne zai kai ka gida. Amma ƙarfin inji ba ya ƙara wa jirgi ɗaukar mutane. Duk wanda ke wannan yanki yana tune da hatsarin Bagwai na ƙarshen Nuwamban 2021 a ruwan Watari, inda jirgi da aka cika fiye da kima ya kife da ɗaliban Islamiyya. Mu ko gwaji za mu fita, kowa da rigar ruwa, igiyar kashe inji kuma a ɗaure a hannun direba. Ga shi rani na matsowa, ana sakin ruwa zuwa gonakin Kadawa, dam na ja baya, duwatsun da ba a gani da kaka sun fara kusantar farfela. Layin gwajinmu sai da muka tambayi masunta kafin muka zaɓe shi.

Gwajin ƙarshe da muka yi na kaya ne, buhunan masara biyar, kilo 500 a kan mu ukun. Gudu ya sauka 36, juyi ya faɗo 4,500, dab da ƙasan abin da kamfani ya yarda, kuma jirgin ya daɗe kafin ya kwanta. In aka ci gaba da aiki haka ringin da muka sa ba zai yi ƙarko ba. Kowane inci ɗaya da aka rage a taku yana ƙara juyi 150 zuwa 200, don haka taku 11 zai mai da mu wajen 4,900 da kaya, amma in jirgi ba kaya zai iya haura 5,500 sai direba ya riƙa kula da hannunsa. Taku 12 ne tsakiya, kuma tunda mai jirgin wata rana kaya wata rana wayam, shi nake so mu gwada. Sharaɗi dai su zama guda biyu iri ɗaya, faɗi ɗaya, kamfani ɗaya, kada a haɗa sabuwa da tsohuwar da aka yi wa walda. Wanda ya san inda za a samu 11 3/8 x 12 guda biyu a Kano ya sanar da ni, in ba haka ba sai mun aika Legas ko Lokoja.