Ranar Rigakafin Awaki

Laraba, bayan isha'i.

Yau ajinmu ya fita rigakafin awaki da tumaki a wani ƙauye da ba shi da nisa da Bakura. Tun bayan asuba muka taru a bakin kwaleji, kowa da farar rigarsa da takalmin roba, hazo ya lulluɓe gari, sanyi na shiga har ƙashi. Malam ya kafa mana doka biyu kafin mota ta tashi: ba mai buɗe kular ƙanƙara sai shi, kuma kafin la'asar mun kamo hanyar gida, ko an gama ko ba a gama ba. Ta biyun ba sai an yi wa ɗan Zamfara bayaninta ba.

Kular nan ita ce sarauniyar tafiyar. A cikinta 'yan kwalaben rigakafin PPR suke, wato wata annobar awaki da tumaki, waɗanda aka kawo daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda take aiki tun 1924. Maganin busasshe ne a ƙasan kwalba, sai an zo wurin aiki ake haɗa shi da ruwansa mai sanyi, kuma da zarar an haɗa to a yi maza a ƙarar da shi cikin 'yan sa'o'i, don zafi na kashe shi. Yana son sanyin da bai wuce digiri 2 zuwa 8 ba. Idan ya sha rana, kamanninsa ba su canjawa, sai dai ka yi ta tsira wa dabbobin mutane ruwan banza kana rubuta cewa ka yi rigakafi. Shi ya sa Malam ya rungume kular a gaban mota, ko direba bai yarda ya taɓa ta ba.

Cutar kanta mun sha karatunta a zangon da ya wuce. 'Yar'uwar cutar bushiya ce, wadda ta taɓa ƙarar da shanun kakanninmu kafin a bayyana kawar da ita daga duniya a 2011, kuma danginsu ɗaya da ƙyandar yara. A ƙasar Kwaddibuwa aka fara gano ta a 1942. Zazzaɓi take farawa da shi, sai kwantsa da majina, baki ya yi gyambo dabba ta kasa ci, zawo ya biyo baya, numfashi ya yi wuya. Ta fi yi wa awaki ɓarna fiye da tumaki, kuma hunturu lokacinta ne. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne irin rigakafin da ƙasashe da dama ke amfani da shi daga ƙwayar cutar da aka samo nan Najeriya a 1975 aka sarrafa shi, allura ɗaya kuma na kare dabba shekara uku ko fiye. Duniya ta sa wa kanta 2030 a matsayin shekarar gamawa da cutar. A takarda abin gwanin kyau.

Da muka isa muka fara da gaida mai gari. Ya karɓe mu hannu biyu, ya sa aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata tsamiya, mai shela ya zaga. Muka jera sirinji muka zauna jira. Aka kawo raguna masu ƙiba, 'yan Uda masu rabin jiki baƙi rabi fari, da wani Balami da sai da samari biyu suka riƙe shi. Awaki kuwa 'yan tsiraru, alhali muna jin kukansu ta bayan kowace katanga.

Malam ya dubi mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, ina awakin garin nan?"

Dattijon ya yi murmushi. "Malam, awaki ai na mata ne. Su kuwa sun ce ba su ba yara bisashensu a kai ma wanda ba su gani ba."

Nan fa aka juyo ana kallonmu, mu 'yan matan ajin da ba mu cika hannu ɗaya ba. Mu ne waɗanda tun ranar da muka shigo kwaleji ake tsokana, wai me mace za ta yi da karatun kama bijimi, ba gara ungozoma ko koyarwa ba. Har a gida akwai kawuna da yake kirana likitar kaji. Malam ya haɗa kwalba, ya saka mana ita cikin ƙaramin gora da ƙanƙara, ya ce mu shiga, shi yana zaure yana jira, in mun ga abin da ya fi ƙarfinmu mu fito mu faɗa.

Gida na farko an rubuta "Ba shiga" da gawayi a jikin zauren. A ciki kuwa garke ne sosai. Jajayen awakin nan namu na ƙasar Sakkwato, masu sheƙin gashi, waɗanda da fatarsu ake yin jimar da ta yi suna har Turai, ga su nan a turke, kowace da mai ita. Wannan ta amarya ce, waccan ta uwargida, waccan kuma an ajiye ta don kayan ɗakin 'yar da za a aurar bayan salla. Akuya a gidan nan ita ce asusu, ita ce kuɗin asibiti, ita ce abin da mace ke sayarwa ba tare da ta roƙi kowa ba. Mai irin wannan dukiya ba ta miƙa ta ga yaro ya kai wa baƙo.

Aikin kansa ba wuya. A kama akuya, a ɗaga fatar wuya ko bayan kafaɗa, a zuba mililita 1 ƙarƙashin fata, a shafa alama a goshi, a rubuta. 'Yan ƙananan da ba su kai wata uku ba mu bar su. Wuyar tana wurin tambayoyi, kuma nan ne na ga amfanin zaman aji. Wata ta ce ko allurar na zubar da ciki. Wata ta kawo min farin maganin tsutsa da ta saya a kasuwar Talata Mafara, albendazol ne, tana son ta ɗura wa akuyar da bunsuru bai daɗe da hawa ba. Na ce ta dakata, wannan ba a ba da shi a farkon ciki. Wata kuma ta ce in faɗa mata shekarun wadda aka sayar mata a matsayin budurwa. Na buɗe bakin, manyan haƙoran ƙasa sun fito duka takwas har sun fara cinyewa, alamar ta tsufa. Da na faɗa mata gaskiya tsakar gidan ya kaure da shewa, ita kuwa ta ce Allah ya isa tsakaninta da dillali.

Wata tsohuwa ce ta tsaya min a rai. Ta ja hannuna zuwa bayan rumbu inda ta ɓoye wata akuya, ido ya manne da kwantsa, hanci ya toshe, bayanta duk zawo. Na sa ma'aunin zafi, ya haura digiri 41, alhali lafiyayyar akuya ba ta cika wuce 40 ba.

"Ɗiyata, wagga za ki fara yi ma, ita ta fi bukata."

"Inna, wannan allurar ta masu lafiya ce. Wadda cuta ta riga ta kama ba ta yi mata komai."

"To mi kunka zo yi in ba ku warkar da maras lafiya? Mai magani na kasuwa bai taɓa ce min a'a ba."

Gaskiyarta, bai taɓa ba. Ya riga ya yi wa akuyar doguwar allura, wato oksitetrasaikilin, har sau biyu, ya karɓi kuɗinsa. Ita kuwa wannan allura ba ta taɓa ƙwayar bairos, iyakarta ta taimaka wurin ciwon huhun da ke hawa kan cutar daga baya, shi ma sai an auna daidai nauyin dabba. Kuma ba wanda ya gaya wa Inna cewa bayan irin wannan allura akwai kwanakin da ba a shan nonon dabbar ko a ci namanta. Na roƙe ta ta raba akuyar da sauran, ta ware mata kwanon ruwanta, ta riƙa goge mata ido da hanci da ruwan ɗumi, ta dama mata dusa mai ruwa-ruwa tunda bakin ya yi ciwo. Sannan na fita na kira Malam. Sai da aka nemi izinin maigida, aka fito da akuyar zaure, ya duba, ya ɗauki majinar a ɗan tsinken auduga don a aika gwaji, ya ce zai sanar da likitan dabbobi na ƙaramar hukuma yau ɗin nan.

Iyakar matsayinmu ke nan, kuma ni ban ga ƙasƙanci a cikinsa ba. Difloma ta shekara biyu muke yi, wanda ya so ya yi shekarar aikin koyo ya dawo ya ƙara biyu na babbar difloma. Likitan dabbobi cikakke kuwa sai ya yi doguwar hanya a jami'a, irin Danfodiyo ta Sakkwato ko Ahmadu Bello ta Zariya, shi ke yanke hukuncin cuta, shi ke fiɗa. Amma likita nawa ne za su zaga ƙauyukan da ke tsakanin Bakura da Maradun? Cikin su kuma nawa ne za a bari su wuce zaure? Idan da gaske ake 2030, to sai an cika kwalejoji irin tamu da 'yan mata, don awakin da ake son yi wa rigakafin suna bayan katanga ne, hannun mata.

Ba mu gama garin ba. Rana na karkatawa Malam ya tafa hannu, ragowar maganin da aka haɗa aka zubar da shi cikin rami aka binne, kwalabe da allurai aka tara a kwali. A mota samarin sun yi shiru da tsokana, ɗaya ma har ya tambaye ni yadda garken cikin gidajen yake, don rahoton da za mu miƙa ranar Litinin ya ƙunshi har da wannan.

Da na shigo gida Gwaggo ta tare ni, wai in leƙa tunkiyarta da ta ƙi cin harawa tun safe. Na ce ta yi haƙuri, da kayan da na taɓa akuyar Inna ba zan kusanci turkenta ba. Na jiƙa rigar da takalmin cikin ruwan izal, na yi wanka, sannan na ɗauki tocila na je. Ba zazzaɓi, cikin ne ya ɗan kumbura, kuma na ga leda a bakin turken an tauna rabinta. Gobe da safe kafin lacca zan sake duba ta, in ba ta fara tuƙa ba mu ɗora ta a Keke Napep zuwa asibitin dabbobi.