Yadda fanko ya shige teburin alhazai duk da NOT NULL

Ina kula da rumbun bayanan wani ƙaramin ofishi a Misfala, nan Makka, mai kama wa alhazan Najeriya da Nijar masauki. Da PostgreSQL muke aiki, manhajar da ke adana bayanai a tebur-tebur. Lambar fasfo tana teburin ɗakuna, tana na motoci, tana na abinci, sai na ƙirƙiri nau'in bayani namu, wanda ake kira domain, da umarnin CREATE DOMAIN, na ɗora masa NOT NULL don kada a bar gurbin fasfo fanko ko'ina.

Ana gab da Hajji, yaron da ke shigar da sunaye ya kira ni: "Yaya, zo ka ga ikon Allah, ga alhaji a ɗaki ba fasfo."

Da LEFT JOIN ya kwafo bayanan daga wani tebur, wato haɗa tebur biyu da ke barin fanko a duk layin da bai sami abokinsa ba. Ashe PostgreSQL ba ya duba dokar domain sai lokacin da ake mayar da bayani zuwa nau'in. Ka rubuta NULL, wato fanko, da hannunka, nan take zai ƙi, ya ba ka kuskure mai lamba 23502. Amma fankon da ya fito daga ɓangaren da haɗin bai sami abokinsa ba, ya riga ya zo da sunan nau'in, kamar mai katin shiga a wuya da askar ba ya tsayarwa. Haka ma ƙaramar tambayar SELECT da ta dawo hannu wofi.

Wurin ajiyar dokar domain ma daban ne da na NOT NULL da aka ɗora kai tsaye a gurbin tebur. Dokar domain tana cikin pg_type, ɗaya daga teburorin da PostgreSQL ke ajiye bayanan kansa, a gurbin typnotnull. Daga sigar 17 ta 2024 aka fara ba ta suna da layinta a pg_constraint. Ta gurbin tebur kuwa tana pg_attribute, a attnotnull, kuma wannan ake dubawa a duk layin da za a rubuta, ko daga ina ya fito. Ita ce mai haƙora.

Muka duba takardun rukunin alhazan muka cike fasfon da suka ɓace, na cire NOT NULL daga domain, na bar masa CHECK, wato sharaɗin duba siffar lamba, kawai. Shi CHECK, a sani, ba ya hana fanko; in amsar ta zama "ba a sani ba", wucewa yake. Sannan na bi tebur ɗaya-ɗaya da ALTER TABLE ina ɗora NOT NULL. Umarnin yana kulle teburin har ya gama karanta shi kaf, don haka sai bayan sallar isha'i na yi, lokacin da masu rabon ɗakuna sun tashi.