Darussa masu wuya, maki tsaka-tsaki: abin da na koya a aikin nema wa ɗalibai gurbin jami'a a Amurka

A makarantun sakandaren Amurka akwai wasu ɗalibai da suka fi kowa shiga tsaka mai wuya idan lokacin neman gurbin jami'a ya zo. Ba su ne 'yan gaban aji ba, masu A daga saman takarda har ƙasa, ba kuma su ne waɗanda suka yi wasa da karatu ba. Su ne yaran da suka kinkimo darussa mafiya nauyi da makarantarsu ke koyarwa, AP (darussan matakin jami'a da ake koyarwa tun a sakandare) a lissafi da kimiyyar sinadarai da tarihi, ko kuma shirin IB (manhajar sakandare ta ƙasa da ƙasa mai tsauri) sukutum, suka ƙare da B rututu, A da C jefi-jefi. Matsakaicin makinsu, wanda ake kira GPA, yakan tsaya tsakanin 3.0 da 3.4 a ma'aunin da ƙarshensa 4.0 ne. Aikin ba ɗalibai shawara ya haɗa ni da irinsu da yawa, kuma duk inda iyayensu suka zaga, tambaya ɗaya suke faɗawa a kai: "Malam, wannan wahalar da yaron nan ya sha, akwai mai dubawa kuwa?"

Akwai mai dubawa, amma ba ko'ina ba. Wata jami'ar mutum ne ke zama ya bi takardar sakamakon yaro layi-layi, ya ga me ya karanta kafin ya ga nawa ya ci. Wata kuwa lamba take so, in ta kai ta kai, in ba ta kai ba sai haƙuri. Rabin aikina shi ne rarrabe waɗannan biyun, domin yaro mai irin wannan takarda ba shi da riba sai a inda ake karantawa.

Ita kanta lambar ba tsayayyiya ba ce. Makarantu da yawa suna fitar da GPA iri biyu. A na farko, A maki 4 ne, B 3, C 2, ko darasin mai sauƙi ne ko mai wuya. A na biyu ana ƙara wa darasin AP ko IB maki ɗaya, sai B ɗinsa ya zama 4, daidai da A a ajin gama-gari, ma'aunin kuma ya miƙe har 5.0. Iyaye sun fi son na biyun, ba kuma zan ga laifinsu ba. Sai dai jami'o'i da dama ba sa ɗaukar ko ɗaya, nasu lissafin suke sakewa. Jami'ar Kalifoniya misali ce mai kyau don ba ta ɓoye tsarinta: darussan aji 10 da aji 11 take lissafawa, ba na aji 9 ba (babbar sakandare a can daga aji 9 zuwa 12 ce), tana ba da ƙarin maki a kan darasi mai wuya amma a lissafinta na cancanta ta tsayar da shi a zango takwas, sannan mafi ƙarancin abin da take karɓa 3.0 ne ga ɗan jihar, 3.4 ga baƙo. Yaron da ya yi tuntuɓe a aji 9 ya farfaɗo daga baya, wannan lissafi ya yi masa rana. Wanda ya jibgo AP goma yana zaton kowanne zai ɗaga shi, sai ya tarar an rufe ƙofar ƙarin tun a hanya.

Akwai wata takarda da yawancin iyaye ba su taɓa jin sunanta ba, alhali tana nan a shafukan jami'o'i kyauta: Common Data Set. A sashen C7 jami'a ce da bakinta take faɗin nauyin da take ba kowane abu, wahalar darussan sakandare, GPA, matsayi a aji, jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT ko ACT, rubutun ɗalibi, wasiƙun malamai, ta jera su daga mai matuƙar muhimmanci har zuwa wanda ba ta dubawa. Gaba kaɗan kuma ga rabe-raben GPA na ɗaliban da suka shiga bara. Nakan sa yaro ya buɗe ta a gabana, ya nemo layin da lambarsa ta faɗa. Idan kusan duk waɗanda aka ɗauka suna sama da 3.75, shi kuma yana 3.2, ba sai na yi dogon bayani ba, ya gani da idonsa. Idan kuma ya ga akwai jama'a a layinsa, jami'ar kuma ta ce wahalar darasi tana gaba-gaba a wurinta, to nan ne wurin sa ƙarfi.

Wahalar darasin ma ba ta bayyana kanta. Mai karanta takardu a jami'a bai san makarantar yaro ba sai ta hanyar abin da ofishinmu ya aika: takardar bayanin makaranta, mai nuna darussan AP nawa ake koyarwa da yadda ake ba da maki, da kuma fom ɗin mai ba da shawara, inda akwai wurin da ake tambayarmu yadda zaɓin darussan yaro yake idan aka gwada shi da na 'yan ajinsa, daga mafi tsauri har zuwa mai sauƙi. Wannan 'yar alamar da nake sawa tana da nauyi fiye da yadda yara suke tsammani. Yaron da ya ɗauki AP huɗu a makarantar da biyar kaɗai take koyarwa ya fi, a idon mai karatu, wanda ya ɗauki biyar a inda ake koyar da ashirin. Shi ya sa nake mamakin ɗalibin da zai shekara uku bai taɓa leƙo ofishin mai ba shi shawara ba, sai ana saura mako guda ya zo neman wasiƙa. Me zan rubuta a kan wanda ban sani ba?

Akwai maganar da ba ta yi wa iyaye daɗi, amma gara su ji ta tun a watan Satumba, farkon lokacin nema, da su ji ta a Maris, lokacin fitowar sakamako. Manyan jami'o'in da kowa ya san sunansu ba sa zaɓa tsakanin darasi mai wuya da maki mai kyau, duka biyun suke samu a masu nema har su yi yawa. Harvard ba ta ɗaukar ko kashi 5 cikin 100 na masu nemanta. Wani uba ya taɓa ce mini, "Malam, ai sai an gwada akan san na ƙwarai." Na ce, "Haka ne, Alhaji, a gwada ɗaya ko biyu, amma kada jerin ya zama duk irinsu." Abin da ke faranta mini rai shi ne waɗannan jami'o'in 'yan tsiraru ne. Galibin jami'o'in Amurka masu karatun shekara huɗu suna ɗaukar fiye da rabin waɗanda suka nema, kuma a cikinsu akwai waɗanda yaro mai B a lissafin AP abin nema ne a wurinsu.

Abin da irin wannan ɗalibi yake bukata shi ne shaida daga waje, wadda ba malamin ajinsa ne ya ba da ita ba. Jarrabawar AP da College Board ke shiryawa kowane watan Mayu ana ba ta maki daga 1 zuwa 5. Na ga takardar wata yarinya da ke da B mai rauni a kimiyyar sinadarai, amma ta ci 5 a jarrabawar ƙasa ta darasin. Duk mai hankali da ya ɗora lambobin nan biyu kusa da juna ya san malaminta ne mai tsauri wajen ba da maki, ba ita ce ba ta gane ba. Haka SAT, mai ƙarewa a 1600, da ACT, mai ƙarewa a 36. Tun lokacin annobar korona jami'o'i da yawa suka bar wa ɗalibi zaɓi ko ya aika sakamakon ko ya bari, yara kuma suka ɗauka an yafe musu ke nan. Ga mai GPA 3.9 watakila haka ne. Ga mai 3.2 kuwa, sau da yawa jarrabawar ce kaɗai za ta yi masa magana, don haka nakan ce ya zauna ya yi ta da gaske, in makin ya kai tsakiyar abin da jami'ar ta saba ɗauka ko ya wuce, ya aika. Jami'ar MIT ta dawo da wajabcin jarrabawar a 2022, Dartmouth da Yale da Harvard suka bi sahu a 2024, ita kuwa Jami'ar Kalifoniya ba ta kallonta sam. Kowace sai an duba dokarta.

Inda makin ya nufa shi ma magana ne. Takardar da ta fara da C a aji 9 ta ƙare da A da B a aji 11, darussan kuma suna ƙara nauyi, ta fi wadda ta fara da A take gangarowa, ko da GPA ɗinsu ɗaya. Wanda ke hawa, jinkiri alheri ne a gare shi: ya bari sakamakon zangon farko na aji 12 ya fito, ya nema a wa'adin watan Janairu, maimakon ya yi gaggawar na Nuwamba da tsohuwar lamba. Idan kuma akwai dalilin faɗuwar wani zango, rashin lafiya ko ƙaura ko aikin da yaro ya riƙa yi don taimakon gida, fom ɗin Common App, wanda ake neman jami'o'i da yawa da shi, yana da wurin ƙarin bayani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jimla uku ko huɗu sun isa: ga abin da ya faru, ga lokacin, ga abin da ya biyo baya. Ban da kuka, ban da zagin malami.

Neman gurbi da wuri mai ɗaure ɗalibi, wanda suke kira Early Decision, yana iya ƙara wa yaro dama a wasu ƙananan kwalejoji masu zaman kansu, inda ake karanta kowace takarda a tsanake. Amma alkawari ne: in an ɗauke ka, ka janye daga sauran, ba ka da damar gwada tallafin wannan da na waccan. Gidan da kuɗin makaranta zai iya girgiza shi ba na tura shi can sai mun zauna mun buga lissafin kuɗin a shafin jami'ar tukuna.

Hanyar da iyaye suka fi rainawa, ni kuma na fi yarda da ita, ita ce shiga ta ƙofar gefe. A Kalifoniya, ɗalibin kwalejin al'umma ta shekara biyu zai iya samun tabbacin gurbi ta shirin TAG a rassa shida na jami'ar jihar, Davis da Irvine da Merced da Riverside da Santa Barbara da Santa Cruz, muddin ya cika sharuɗɗan kwasa-kwasai da maki. Berkeley da San Diego ba sa ciki. Penn State tana da tsarin shekara biyu a ƙaramin reshe, biyu a babba. Jami'ar Teksas da ke Austin takan ba wasu 'yan jihar damar yin shekarar farko a wani reshen, sannan su dawo, ko da yake ba kowane fanni ne tabbacin ya shafa ba. A duk waɗannan, abin da yaro ya yi a kwaleji shi ake aunawa, na sakandare ya koma baya. Nan ne kuma wahalar da ya sha take biyansa: wanda ya saba da karatun AP, ya saba da rubuta dogon bayani da karanta babi biyu a dare ɗaya, shekarar farko ba ta ba shi tsoro, wani lokacin ma makin 4 ko 5 da ya ci a jarrabawar AP ya ɗauke masa wasu kwasa-kwasan. Digirin da zai karɓa a ƙarshe sunan babbar jami'ar ne a kai. Abin lura ɗaya: fannoni irin su injiniya da kimiyyar kwamfuta da aikin jinya suna da tasu ƙofar daban, mai ƙunci, kuma shiga jami'a da niyyar canza fanni daga baya ba kullum take yiwuwa ba. A tambaya kafin a biya kuɗin riƙe gurbi.

Wurin da wahalar darasi ta fi yin asara shi ne tallafin karatu na hazaƙa, don a nan lamba ce sarki. A Jojiya, tallafin HOPE yana neman 3.0, na Zell Miller kuma 3.7, da lissafin jihar, ba na makaranta ba. Jami'o'in jihohi da yawa suna da jadawali: GPA kaza da SAT kaza, dala kaza. Ba mai tambayar ko malamin lissafinka mai tsauri ne. A Teksas ma dokar 1997 da ta ba kashi 10 cikin 100 na saman aji gurbi kai tsaye matsayi take dubawa. Tallafin bukata, wanda ake nema ta fom ɗin FAFSA, shi ne bai damu da wannan ba, kuɗin shigar gida yake kallo, don haka ba na barin kowa ya tsallake shi.

Saboda haka idan yaro ɗan aji 10 ya zo zaɓen darussan baɗi, ba na ce masa ya ɗebi duk mai wuyar da ya gani, kamar yadda wasu iyaye suke so in faɗa. B a darasin AP ba abin kunya ba ne, ana ganinsa ana girmama shi. C uku a jere kuwa ba sa cewa yaro jarumi ne, cewa suke ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Nakan tambaye shi wane fanni yake so, mu sa nauyin a can, mu sassauta a wani wurin, sannan mu duba ko jiharsa tana da tallafin da ke tsaye a kan wata lamba da bai kamata ya faɗo ƙasa da ita ba. Ɗan aji 12 da ya riga ya samu gurbi kuma yana son ya yar da darasi mai wuya a zango na biyu, sai ya rubuta wa jami'ar ya nemi izini tukuna, domin a kan jerin darussan da ya nuna musu aka ɗauke shi, kuma suna da ikon janye tayin idan takardar ƙarshe ta zo ta saɓa.